Yadda Ake Sauya Ma'aunan Kaurin Kwarara Daga Manya Zuwa Ƙanana

Kaurin kwarara shi ne abin da ke nuna yadda ruwa ko mai yake jinkirin gangarowa da nauyin kansa, kuma shi ake rubutawa a takardar bayanin baƙin mai da man haidirolik. A tsarin awo na duniya ma'auninsa shi ne murabba'in mita a sakan ɗaya, wato m²/s. Sai dai wannan ma'auni ya yi wa kayan yau da kullum girma ƙwarai, shi ya sa masana'antu suka fi amfani da sitok, mai alamar St, wanda aka sa wa sunan George Gabriel Stokes, masanin lissafi na Jami'ar Cambridge da ya rasu a 1903, da kuma santisitok, wato cSt, kashi ɗaya cikin ɗari na sitok.

Shawarata ita ce kada a yi tsalle daga wannan ma'auni zuwa wancan kai tsaye, a riƙa bi ta m²/s a kowane lissafi. Abin da za a haddace kaɗan ne: sitok ɗaya murabba'in santimita ɗaya ne a sakan, wato 10⁻⁴ m²/s, santisitok ɗaya kuwa murabba'in milimita ɗaya ne a sakan, wato 10⁻⁶ m²/s. Idan aka ɗauki man haidirolik mai lamba ISO VG 46, wanda kaurinsa ke kusan 46 cSt a zafin digiri 40 na ma'aunin Salshiyas, za a ninka 46 da 10⁻⁶ a sami 0.000046 m²/s, daga nan in ana son sitok sai a raba da 10⁻⁴ a sami 0.46 St.

Inda mutane suka fi zamewa shi ne wajen murabba'i, kuma ya kamata a tsaya a kansa da kyau. Mita ɗaya milimita dubu ce, amma murabba'in mita ɗaya murabba'in milimita miliyan ne, domin dubun ta shiga tsawo ta kuma shiga faɗi. Wanda ya manta da haka ya raba 46 da dubu zai sami 0.046 m²/s, ya mai da man da ke zuba salin-alin abin da ya ninka kaurinsa na gaskiya sau dubu. Ƙa'idar ita ce a duba inda ƙarin sunan, irin su kilo ko mili, ya liƙe. Idan a jikin sitok yake, kamar kilositok, sau ɗaya ake lissafa shi, kilositok ɗaya sitok dubu ne. Idan kuwa a jikin tsawo yake, kamar km²/s, sai an ninka shi da kansa, ya zama 10⁶ m²/s. Haka abin yake da ma'aunin Amurka: ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka murabba'in ƙafa a sakan 0.0929 m²/s ne, kimanin 92,903 cSt.

Da an kai ga ma'aunai masu nisa da juna sosai, ƙirga sifili da ido ba ya fisshe mutum, sai a koma ga ɗan lambar da ke saman goma. Eksasitok ɗaya 10¹⁸ St ne, wato 10¹⁴ m²/s, attositok kuma 10⁻¹⁸ St ne, wato 10⁻²² m²/s. A ɗauki lambar saman ma'aunin da ake barowa a debe ta wanda ake nufa. Daga eksasitok zuwa santisitok, 14 a debe −6 ya ba da 20, domin debe lambar da ke ƙasa da sifili ƙari ne, saboda haka eksasitok 3 daidai yake da 3 × 10²⁰ cSt. Daga eksasitok zuwa attositok kuma 10³⁶ ne. Waɗannan manyan lambobi suna da wurin aikinsu, tunda masana ƙasa suna ƙiyasta kaurin dutse mai zafi da ke ƙarƙashin ɓawon duniya da kimanin 10¹⁷ m²/s, wanda ya kai eksasitok dubu. Attositok dai ba na ganin mai aikin injiniya zai ci karo da shi a wajen aiki.

Bayan an gama a gwada amsar da abin da aka sani. Ruwa a zafin digiri 20 yana kusa da 1 cSt, iska kusan 15 cSt, man dizal tsakanin 2 da 4.5 a digiri 40, baƙin mai SAE 40 kuma tsakanin 12.5 da 16.3 a digiri 100. In amsar man inji ta fito ƙasa da ta ruwa, to ɗigo ya kauce daga wurinsa.

A kuma lura da alamar da ke kan takarda, domin cP, wato santifois, wani ma'aunin kauri ne daban, ba cSt ba ne. Wanda aka ba shi santifois sai ya raba da nauyin giram nawa ne santimita kubik ɗaya na abin: mai na 40 cP mai nauyin 0.87 zai ba da kusan 46 cSt. Sannan a rubuta zafin da aka yi awon kusa da amsar, tunda sauya ma'auni ba ya sauya zafi, kuma babu ninki guda da zai mai da awon digiri 40 ya zama na digiri 100.