Yadda likita ke gane irin tsiron hanji da kyamara mai zuƙo hoto

In ka zura bututun kolonoskofi, wato bututu mai kyamara da ake leƙa hanji da shi, cikin babban hanji ka ci karo da tsiro, tambaya ɗaya ce a ranka, wannan na banza ne, ko mai shirin zama kansa (ciwon daji) ne, ko ma ya riga ya zama. Kyamarorin yanzu suna zuƙo hoto sau 80 zuwa 100, to kusan za ka san amsar tun kana ciki, in dai ba ka yi gaggawa ba.

Abu na farko wanki. Yauƙi da ragowar bayan gida su ke rufe fuskar tsiron, ka fesa ruwa amma a hankali fa, in ka sa ƙarfi ya yi jini shikenan ka ɓata wa kanka hoto.

Na biyu ka kalle shi daga nesa da farin haske tukuna. Mai wuya ne kamar naman kaza ko kwance yake, akwai lotsawa a tsakiya? Mai lotsawa shi ne abin tsoro ko da ƙarami ne.

Sai ka matso ka kunna NBI, wato hasken shuɗi da kore da jini ke shanyewa, ƙananan jijiyoyi su fito ruwan ƙasa. Hular roba da ake sawa a bakin bututun tana taimakawa sosai don hoton ya tsaya, hanji ai ba ya zama wuri ɗaya. A tsarin rarraba tsiro na JNET da likitocin Japan suka fitar a 2014, in jijiyoyi ba sa fitowa lamba 1 ce, galibi na banza ne, in sun fito a jere tsaf 2A, adenoma ce, wato tsiron da ke iya zama kansa nan gaba, a cire ta nan take. In ka ga fili ba jijiyoyi, manyan kuma sun kakkatse, 3 ce, kansar ta shiga cikin bangon hanji, wannan na tiyata ne.

Rigimar tana 2B, inda tsarin jijiyoyin ya hargitse amma bai wargaje ba. Nan ne ake ɗauko rini. Indigo carmine, dangin baban marina ne, ba ya kama nama, kwanciya yake a cikin ƙananan ramukan da ke fuskar tsiron ya fito da su, shi kuwa crystal violet na kashi 0.05 cikin ɗari kamawa yake, ka ɗan jira shi. Daga nan sai karatun ramuka irin na Farfesa Shin-ei Kudo, zagaye ƙanana lafiyayyen hanji ne, masu kama da tauraro galibi ba komai, dogaye kamar bututu ko masu rassa da lanƙwasa irin na ƙwaƙwalwa adenoma ce, nau'i na V kuwa, mai nuna alamar kansa, ramukan sun karkace ko sun shafe gaba ɗaya.

Kar tauraro ya ruɗe ka a hanjin ɓangaren dama, tsiro kwance mai hular yauƙi da ramuka a buɗe shi ma kan zama kansa, a cire shi.

Kuma don Allah in ka ga babba a kwance da za a iya ɗayewa da bututu, kar ka yi ta gutsurarsa da sunan gwaji, tabo zai yi ya manne, wanda ka tura wa ya sha wahala. Ɗauki hotuna masu kyau, na nesa da na kusa, ka rubuta inda yake ka tura.