Yadda ake gina sana'ar ɗan wasa mai fitowa a uba, boka ko mai unguwa

Mafi yawan matasan da ke sha'awar shiga wasan kwaikwayo burinsu su zama jarumi ko jaruma, wato wanda labari ke tafiya a kansa kuma hotonsa ke kan fosta. Sai dai duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Hausa ya san cewa akwai wani rukuni na 'yan wasa da suka fi jarumai daɗewa a sana'ar, su ne masu fitowa a matsayin uba mai tsauri, ko uwar miji, ko boka, ko dillaliya, ko mai gadi, ko mai unguwa. Tashen jarumi yana tafiya tare da ƙuruciyarsa, amma wanda ya iya irin wannan fitowa yana ƙara samun aiki ne yayin da furfura ke ƙaruwa a kansa. Wannan bayani na wanda ya zaɓi wannan hanya ne da gangan.

Aikin farko, wanda kuma ya fi kowanne cin lokaci, shi ne kallon mutane. Ɗan wasan da aka ba fitowa uku kacal a fim ba shi da sararin da zai gabatar da kansa a hankali, saboda haka dole mai kallo ya gane ko wane ne shi tun kafin ya buɗe baki. Idan kana son ka iya fitowa a mai unguwa, je ka zauna a gefe ranar da ake sasanta rikicin iyakar gida, ka lura da yadda yake tattare hannun babbar riga ya ɗora a kafaɗa kafin ya yi magana, da yadda yake barin kowane ɓangare ya gama zubar da abin da ke cikinsa, da yadda yake kallon ƙasa maimakon fuskar mai ƙara, sannan ya yi gyaran murya ya fara da salati. Idan dillaliya ce, ki lura cewa ba ta taɓa faɗin abin da ya kawo ta da shigowarta. Sai ta yi sallama tun daga zaure, ta sauke ƙunshinta, ta gaida uwargida ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa, kuma duk wannan lokaci idonta ya riga ya zagaye ɗakin ya ƙiyasta kuɗin kowane kwano. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ba a rubuta su a takardar labari, ɗan wasa ne ke zuwa da su. Yana da kyau ka ajiye littafi na musamman da za ka riƙa rubuta abin da ka gani a kasuwa, da tasha, da kotu, da gidan biki.

Bayan ido sai kunne. Hausar Basakkwace da ke cewa "shina zuwa" da "ɗiyata" daban take da ta Bakano da ke cewa "yana zuwa" da "'yata", kuma bambancin bai tsaya ga kalmomi ba, ya kai ga karin sauti da saurin magana. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda kowa ya fi sani da Samanja, ya yi aikin soja da gaske, shi ya sa Hausar bariki da yake gauraya ta da Turanci ta zauna a bakinsa daram, har sunan wasan ya danne sunansa na yanka tsawon rayuwarsa, zuwa rasuwarsa a shekarar 2023. Darasin da ke nan shi ne ka fara da harshen da ka rayu a cikinsa. A nan kuma akwai gargaɗi: an daɗe ana kwaikwayon Hausar Bafulatani ko Bayarabe ko Banufe ta hanyar karkatar da baki kawai domin a ba da dariya, kuma wannan aiki ne na rago, wanda ke ɓata wa mutanen da ake kwaikwaya rai ba tare da ya ƙara wa labari komai ba. Idan ba ka zauna da mutane ka ji yadda suke magana ba, gara ka bar karin harshensu.

Wurin da ya fi dacewa a koyi sana'ar shi ne wasan daɓe. Masana'antar Kannywood kanta daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta tsiro, domin ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da fim ɗin da ake ɗauka a matsayin na farko a bidiyon Hausa a shekarar 1990, kuma tun kafin nan gidajen rediyo da talbijin na Kaduna da Kano da Jos sun horar da dattawa irin su marigayi Kasimu Yero, wanda ya yi wasa da Hausa da Turanci. Wanda yake da halin karatu yana iya neman sashen koyar da wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Wanda ba shi da hali ya nemi ƙungiya a garinsu ko makarantarsu. A kan dandamali babu damar a tsaya a sake, kuma 'yan kallo suna gaya maka nan take ko abin da ka yi ya shige su, ta dariyarsu ko shirunsu ko surutun da suka koma yi da juna.

Amma kada ka kwashi salon dandamali kacokan ka kai gaban kyamara. A daɓe kana ɗaga murya ne domin na sahun ƙarshe ya ji, kana buɗe hannuwa domin na nesa ya gani, alhali kyamara tana iya matsowa har ta cika allo da fuskarka, inda ɗaga gira ɗaya ya wadatar wajen nuna fushin uba. Yawancin sababbin shiga da ke fitowa a boka suna faɗawa cikin wannan rami: ihu, da zare ido, da dariyar ƙeta mai tsawo. Bokan da ke magana a hankali, yana tambayar sunan mahaifiyar wanda za a yi wa aiki kamar mai tambayar farashin gero, ya fi tsoratarwa nesa ba kusa ba. Sannan ka tuna cewa ba a ɗaukar fim bi da bi, ana iya ɗaukar fitowarka ta ƙarshe kafin ta farko, don haka ka riƙe a kanka ɓangaren da ka karkata hularka da hannun da carbi yake, ko da akwai wanda aka ɗora wa kula da wannan a lokeshan, wato wurin da ake ɗaukar fim. Ka karanta labarin gaba ɗayansa, ba shafukanka kaɗai ba, domin ka san abin da fitowarka ke yi wa jarumi.

Idan Allah ya sa ka karɓu a wani matsayi, furodusoshi za su yi ta kiranka a kansa, wannan kuwa alheri ne da ke tafe da matsalarsa. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a shekarar 2024, ta shahara ne da fitowa a masifaffiyar mace, kuma sanannen abu ne cewa masu kallo da dama ba sa raba ɗan wasa da halin da yake fitowa a ciki. Ka shirya wa wannan, kai da iyalinka. Ba na ganin hikima a ƙin matsayin da ke ciyar da kai, amma ya kamata kowane uba da za ka fito a cikinsa ya bambanta da na baya ta tafiya ko murya ko abin da yake tsoro, kuma lokaci zuwa lokaci ka nemi darakta ya gwada ka a akasin abin da aka san ka da shi, ko da kuɗin bai kai ba.

Batun kuɗi kuwa a yi shi tun kafin a kunna kyamara. Mai aiki a Kano ya yi rajista da Hukumar Tace Finafinai ta jihar, ya kuma shiga ƙungiyar 'yan wasa, domin nan ne zai kai kuka idan an hana shi haƙƙinsa. An sha ganin dattawan masana'antar da suka shafe shekaru suna nishaɗantar da jama'a sun kwanta ciwo har sai an nema musu taimako, saboda sallamar da ake ba irin wannan ɗan wasa ta aikin ranar ce kawai, ba ta ci gaba da shigowa bayan fim ya fita. Saboda haka kada ka saki sana'ar da kake yi sai kiran aiki ya zama na kullum. Yanzu da finafinai masu dogon zango suka mamaye tashoshi irin su Arewa24 da kuma YouTube, aikin ya fi samuwa a kai a kai, amma kafin ka karɓa ka nemi a rubuta a takarda nawa za a biya ka, a kan fitowa ne ko a kan yini ko a kan zango, yaushe kuɗin zai shigo, da kuma wanda zai ɗauki nauyin mota da masauki idan aikin ya kai ku wajen gari.