Kurakuran da muke yi wajen yaye yaro, da yadda za a gyara

Babban kuskuren da muke yi a yaye shi ne mun ɗauka a rana ɗaya ake yinsa. Uwa ta tashi da safe tace yau na yaye shi, a haɗa kayansa a leda a kai shi gidan Hajiya kakarsa a Gwammaja ko Fagge, ace kar ta leƙo sai bayan sati. Yaron da jiya ma a ƙirjinta ya kwana, yau ba nono ba uwa, ba ma ɗakin da ya saba. Toh ya ba zai yi ta kuka ya ƙi cin abinci ba? Wasu yaran daga nan ramewa take kama su, kiga yaro mai ƙiba da fara'a ya dawo shiru-shiru wuya ya zurma, sai ace ai yaye ne, zai ware. Wani ya ware ɗin, wani kuma sai an dangana da asibiti.

Gyaran shi ne a janye nonon a hankali. Ki fara cire shan rana guda ɗaya, wanda bai damu da shi sosai ba, ki maye gurbinsa da abinci da ruwa a kofi, bayan kwana uku zuwa sati ki ƙara cire wani, haka dai har ya rage na kwanciya barci wanda shi ne ya fi wahalar bari, shi za ki bari ƙarshe. Idan bai nema ba kar ki miƙa masa, idan ya nema ki ɗauke masa hankali da wasa ko ki goya shi ki zaga tsakar gida. Ban ce kaka ba ta da amfani ba, wallahi tana da shi sosai, amma gara ta zo ta kwana biyu a gidanku, ko ki riƙa kai shi yini kina ɗauko shi da yamma, da a raba shi da ke gaba ɗaya.

Sai maganar lokaci. Har yanzu akwai masu cewa namiji a yaye shi da wuri wai idan ya daɗe yana sha zai zama dolo. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Allah Ya ce a Suratul Baƙara aya ta 233 iyaye mata su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, bai ware mace da namiji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ma abin da suke cewa kenan, nono zalla wata 6, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Kuma dan Allah iyaye maza ku karanta ayar har ƙarshe, cewa tayi idan za a yaye kafin nan sai da yardar juna da shawara tsakanin uwa da uba, ba wai maigida ya shigo kawai yace daga gobe a cire shi ba, ko kuma ayi yaye shi ko labari bai samu ba.

Kar kuma a yaye yaro yana cikin ciwo. Yana gudawa, yana zazzaɓi, haƙori na fitowa, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, a bari ya warke tukunna, domin yaro mara lafiya sau da yawa nono kaɗai yake yarda ya karɓa. Ni a ganina tsakiyar zafin Kano, wajen Afrilu da Mayu, ba lokacin fara yaye ba ne in dai ba dole, yaro yana zufa ruwan jikinsa na ƙarewa da wuri. Ki duba katin rigakafinsa ma, allurar ƙyanda ta wata 9 da ta biyu ta wata 15 su zama an yi. Masu yaye saboda azumi ya gabato kuma, ku tuna shari'a ta yi wa mai shayarwa sauƙi idan tana tsoron cutuwa a kanta ko a kan ɗanta, ki tambayi malami yadda za ki rama.

Akwai kuma wadda ta samu kwanika, ranar da ta gane tana da ciki ranar za ta cire yaron wai nonon ciki guba ne zai sa shi gudawa. Nonon bai zama guba ba. Yakan ragu, ɗanɗanonsa yakan canza, amma mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa tana janyewa a hankali. Gudawar da ake gani yawanci daga yayen gaggawa take zuwa, an cire nono an koma ba shi abin da aka samu da kwanon da aka samu. Wadda take zubar jini ko ta taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini ita ce za ta faɗa wa ma'aikatan awo su ba ta shawara.

Yanzu bari in tsaya a kan abinci don a nan ne muka fi cutar yaranmu ba da saninmu ba. Koko tsararo da sukari, safe koko rana koko dare koko. Cikin yaro ƙarami ne, idan kika cika shi da ruwan gasara ya ƙoshi a ido amma jikinsa bai samu komai ba. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda idan kika karkata cokali ba zai zube sharr ba sai dai ya sauko a hankali. Kuma a inganta shi, ba sai da kayan gwangwani na kanti ba. Ki samu gero ko dawa ko masara, waken suya da gyaɗa, ki soya waken da gyaɗar sama-sama ki surfe, a kai inji a niƙo, ki zuba a roba mai murfi kina dama masa kina sa ɗan cokalin mai ko manja. Wasu suna ƙara garin busasshen kifi. Ranar da akwai hali ƙwai dafaffe, ɗan hanta, alale, faten wake, faten dankalin Hausa da alayyahu ko zogale, kabewa, ayaba, gwanda, kankana. Tuwo ma a murmushe masa da miyar kuka ko kuɓewa kafin a zuba yaji. Duk waɗannan akwai su a kasuwar Rimi da 'Yankaba har ma wajen mai kayan miyan layinku.

Kuma abincin nan tun yana wata 6 ake farawa, ba ranar yaye ba. Daga wata 6 zuwa 8 sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani, wanda aka cire wa nono kuwa sai ya ci sau 4 zuwa 5 kuma a haɗa masa da madara kofi ɗaya ko biyu. Ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai ki zauna da shi, idan kika haɗa shi tire ɗaya da yayyensa kafin ya kai loma biyu sun share. Zuma kar a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, madarar shanu ma ba ta zama abin shansa na kullum kafin shekara 1, kuma nonon shanun da za a dama masa fura ki tabbata dafaffe ne. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini daga abinci, biskit da alawa da lemon roba kuma cika masa ciki kawai suke su kashe masa cin abinci.

Ɗura kam dan girman Allah a daina. A kwantar da yaro a cinya, a matse ƙafafunsa, a toshe masa hanci a tara kunu a tafin hannu a bakinsa, yana kuka yana shaƙewa kunun na fita ta hanci. Kunun nan yana iya wucewa huhu ya jawo limoniya, kuma akwai yaran da aka rasa ta haka. Yaron da ake wa ɗura kuma da ya hango kofi zai fara ihu. Ki zaunar da shi, ki ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, ki bar shi ya sa hannu ya ɓata jikinsa, abin da ya ƙi yau ki sake gwadawa jibi.

Shafa wa nono maɗaci ko barkono don ya tsani sha, shi ma ba dabara ba ce, fatar wurin tana iya saɓulewa kuma yaron yana haɗiyar abin da ba ki san illarsa ba. Mafi muni shi ne zuwa kemis a sayo maganin mura ko na tari mai sa barci a ba shi don a samu a runtsa. Kukan daren yaye lallashi yake so, a nan ne baban yaro zai taimaka, ya saɓa shi a kafaɗa ya zaga da shi tunda a jikinsa ba ya jin ƙanshin nono.

Masu ba yaro madara a fida, wato kwalbar shayarwa, ku ma yaye ne a gabanku. Daga wata 6 a fara koya masa kofi, zuwa shekara 1 ko da rabi ya zama an ajiye fidar. Barin yaro ya yi barci da fida a baki, musamman mai sukari, shi ke cinye haƙoran gaba su yi baƙi, ga kuma wahalar wanke ta, tsohuwar madara tana maƙalewa a robar bakin a zafin garin nan ta zama gudawa.

Ita ma uwar tana shan wahala idan aka cire lokaci ɗaya, nono ya cika ya yi tauri, ta ɗaure ƙirji tamau da zani wai don ya ƙafe. Ɗaurin nan yana iya toshe hanyar nonon ya kumbura har ya yi ƙurji. Ki sa rigar mama wadda ta riƙe ki ba ta matse ba, ki ɗan tatse kaɗan daidai yadda za ki ji sauƙi ba duka ba, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki sha farasitamol idan yana ciwo. Ƙwayar busar da nono kar ki saya da kanki sai likita ya rubuta. Idan kika ji zazzaɓi da rawar sanyi, ko gefe ɗaya ya yi ja ya ɗau zafi, asibiti za ki ba wajen mai sakiya ba.

Bayan yaye ki ci gaba da kai shi awo a asibitin unguwarku. Idan gudawa ta zo a fara ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari na sachet, da ƙwayar zinc nan take, zinc ɗin kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Idan kuma kika ga yana ramewa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura kina dannawa wurin na loɓawa, wannan alamar tamowa ce, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi a auna damtsensa da tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ga kumburi kuma ya daina cin komai, a wuce da shi asibitin yara na Hasiya Bayero ko na Murtala a ranar.