Babi na 7: Saƙa Takalmin Jariri Mai Fuskar Zomo

Darasi na ɗaya: Kayan aiki

Ki tanadi zaren ulu mai laushi ƙulli ɗaya na giram 50, fari ko ruwan toka. Ki goga shi a kumatunki kafin ki saya. In ya yi miki kaushi, zai ci ƙafar jariri. Sai kwarashi mai lamba 4. Lambar tana rubuce a tsakiyarsa, inda yake da faɗi. Sai almakashi, allura mai babban hanci, tef na tela, guntun baƙin zare, da guntun jan zare mai tsawon yatsa. Wannan jan zaren kada ki raina shi, shi ne zai riƙe miki lissafi.

Jariri daga haihuwa zuwa wata 3, tafin takalminsa santimita 9 ne. Ki duba gefen tef mai ƙananan layuka, shi ne santimita. Ɗaya gefen inci ne, ba shi muke so ba.

Darasi na biyu: Tafin takalmi

Saƙa iri biyu kawai za mu yi: sarƙa da gajeriya. Sarƙa ita ce ki yi madauki a kan kwarashi, ki ɗauko zare ki jawo ta cikinsa, kowane ja sarƙa ɗaya. Gajeriya ita ce ki soka kwarashi cikin ido, ki ɗauko zare ki jawo, madauki ya zama biyu a kan kwarashi, ki sake ɗauko zare ki jawo ta cikin biyun. Ido shi ne abin nan da yake kama da harafin V a bakin saƙa. V ɗaya, ido ɗaya. Madaukin da yake kan kwarashi ba a ƙirga shi.

Yi sarƙa 13. Tsallake ta farko, wadda take jikin kwarashi. Yi gajeriya a ta biyu. Tsaya nan. Ɗauki jan zare ki ratsa shi cikin wannan idon na farko. Kin sa? Madalla. Ci gaba har gajeriya ta kai 11. A sarƙar ƙarshe ki yi 3 a rami ɗaya, nan ne wajen yatsu. Juya ta ƙasan sarƙar ki yi 10, sai 2 a ramin ƙarshe. Yanzu ƙirga V ɗinki, fara daga jan zare. Ido 26 ne.

In kin samu 25 ko 27, kada ki damu, kowa da haka ya fara. Warware ki sake. Amma kada ki wuce ba ki ƙirga ba.

Zagaye na 2: a idon da yake da jan zare ki yi 2. Cire jan zaren, mayar da shi kan ta farkon biyun nan da kika yi yanzu. Sai 10 ɗaiɗai, sai bibbiyu a ido uku, sai 10, sai bibbiyu a ido biyu. Ƙirga: 32.

Zagaye na 3: ɗaya, sannan 2 a ido na gaba. Matsar da jan zare kan idon farko. Sai 10. Sai ɗaya da biyu, sau uku. Sai 10. Sai ɗaya da biyu, sau biyu. Ƙirga: 38. Auna tsawonsa da tef. In bai kai 9 ba hannunki ya matse, ki sassauta.

Mu koma kan jan zare, domin nan ne kowa yake faɗuwa. Saƙar nan zagayawa take yi, ba ta da alamar farko ko ƙarshe. In ba ki sa alama ba, za ki wuce inda ya kamata ki tsaya, ƙarin ido ya faɗa a gefe maimakon wajen yatsu, tafin ya karkace. Duk lokacin da kika iso jan zare, zagaye ya ƙare. Ki tsaya, ki ƙirga da baki, ki rubuta lambar a littafinki. Ki yi idon farko na sabon zagaye, ki matsar da jan zare. Kowane zagaye, ba sau ɗaya ba. Wasu sai su ce ai idonsu yana gani. Ba ya gani. Ana hira ana saƙa, yaro ya yi kuka a tashi, a dawo a ci gaba daga inda aka ga dama, sannan a kawo takalmi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma a ce zare ne ba shi da kyau. Zare bai yi laifi ba, ƙirga ce ba a yi ba.

Darasi na uku: Gefe da rufin yatsu

Zagaye na 4: babu ƙari, 38. Amma ki soka a silin baya na V kaɗai, wanda yake nesa da ke. Shi ne yake sa gefe ya miƙe tsaye. Zagaye na 5 da na 6 ki koma soka a sili biyu, 38. Jan zare fa.

Ragewa ita ce haɗe ido biyu su zama ɗaya: jawo zare daga ido, jawo daga na gaba, madauki ya zama uku, jawo ta cikin ukun. Zagaye na 7: ɗaiɗai 10, ragewa 8, ɗaiɗai 12, ya zama 30. Zagaye na 8: ɗaiɗai 8, ragewa 6, ɗaiɗai 10, ya zama 24. Ninke takalmin biyu ki ga ko ragewar ta zauna a tsakiyar yatsu. Ƙara zagaye biyu na 24, yanke zare, ɓoye bakinsa da allura.

Darasi na huɗu: Kunne da fuska

Kunne: sarƙa 7, tsallake ɗaya, gajeriya 6, juya ta ƙasa, 6. Ki yi guda huɗu. Ɗinke biyu a saman kowane takalmi, ki ja su da ƙarfi ki gwada. Ido da hanci ki ɗinka da baƙin zare. Ban da maɓalli, ban da duwatsun ado. Jariri yana kai ƙafa baki, abin da ya tsinke haɗiye shi zai yi.

Darasi na biyar: Kyanwa

In fuskar kyanwa kike so, takalmin iri ɗaya ne da na zomo. Ki yi kunnen gajere mai tsini, ki ƙara gashin baki layi biyu a kowane gefe.