Yadda ake tattara tarihin ƙauyen bakin tafki

Kafin ka kunna rikoda a ƙauye irin na bakin tafkin Kware, fara gaida mai gari, sannan Sarkin Ruwa. Shi ya san zuriyar masunta da inda kowane gida ke jefa taru. Je da rani, da damina kowa na gona.

Kada ka tambayi dattijo shekara, kunya za ta sa ya kintata. Ka ce, "Baba, kafin rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne ko bayanta?" Ka ga 1988 ta zama ma'auninka. Tsofaffin mata kuwa, mace za ka tura cikin gida, don labarin aure da ƙaura yana bakinsu. Jerin sarakuna, gwada shi da takardun Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.