Darasi na 7: Bargon Furanni daga Turmin Atamfa Ɗaya

A shekarar 1816 wani masani ɗan ƙasar Sikotlan, Dabid Burusta, ya ƙera wani bututu mai madubai a ciki. Idan mutum ya leƙa, ɗan abin da ke ciki sai ya bayyana sau da yawa, ya kewaye kansa ya zama fure. Sunan abin kalaidoskof. Masu ɗinkin bargon haɗe-haɗe a Amurka sun ɗauki wannan dabara suka mai da ita kan ƙyalle. Wajen ƙarshen shekarun 1990 wata mai ɗinki, Bethany Reynolds, ta yaɗa hanyar jera ƙyalle bisa ƙyalle a yanka su gaba ɗaya. Atamfarmu ta dace da wannan aiki ƙwarai, domin zanenta manya ne kuma suna maimaita kansu.

Zaɓen atamfa

A nan ake cin riba, a nan kuma ake faɗuwa. Ku nemi mai manyan furanni ko ganyaye, mai launi uku zuwa sama, wadda zanenta ke lanƙwasa. Mai ƙananan ɗigo-ɗigo ba ta ba da komai, duk furannin za su fito iri ɗaya. Mai fili da yawa tsakanin zane kuwa, rabin aikin zai fito fayau.

Wani abu kuma: atamfa mai tsada ba lallai ta fi kyau a nan ba. Wadda aka buga da kakin zuma takan zo da tsattsagewar launi da ɗan zamewar rini, kuma waɗannan ba sa zuwa daidai a kowane wuri. Wadda injin ya buga kai tsaye ta fi maimaita kanta sak, ga ta da sauƙin kuɗi.

In kuna da ƙananan madubai biyu, ku tafi da su kasuwa. Ku tsayar da su a kan atamfar, gefe ya taɓa gefe, ku riƙa buɗewa ko tsukewa har ku ga zanen ya kasu shida. Abin da kuka gani a madubin, kusan irinsa za ku ɗinka.

Awo da lissafi

Ku shimfiɗa atamfar, ku zaɓi alama ɗaya kusa da baki, misali tsinin wani ganye. Ku bi tsawon ƙyallen har inda wannan tsinin ya sake fitowa, ku auna da tef. Wannan tazara ita ce maimaici ɗaya, kuma shida muke bukata.

Yadi ɗaya inci 36 ne, turmi kuwa yadi 6, wato inci 216. Idan maimaicin inci 24 ne, sau shida ya zama inci 144, yadi 4 ke nan, saura yadi 2 na baki. Idan ya kai inci 36, turmin zai ƙare kaf, don haka ku auna tun kafin ku biya.

Jerawa

Kada ku wanke atamfar tukuna, wanki yana sa zane ya karkace. Guga kawai za ku yi mata. Ku yanka maimaici shida, kowanne daga alamar nan zuwa 'yar'uwarta, ku ɗora su bisa juna, fuska duk tana kallon sama.

Yanzu sai natsuwa. Ku ɗauki fil, ku soka a tsinin ganyen na ƙyallen sama. Ku ɗaga shi, ku soka a daidai wannan tsinin a na biyu, haka har na shida. Fil ɗin ya tsaya cak, kada ya kwanta. Ku yi haka a wurare biyar ko shida, sannan ku shafa da tafin hannu, ku kama duka da dogon ɗinkin hannu. Ko zamewar da ba ta kai faɗin tsinken ashana ba, sai ta nuna kanta a tsakiyar fure, kuma babu gugar da za ta gyara ta. Wanda ya ba wannan mataki lokacinsa, sauran aikin mai sauƙi ne.

Yanka

Ku yanke kwali mai kusurwa uku, kowane gefe inci 4. Ku ja layi da alli, ku fitar da tsiri mai faɗin inci 3½, tsawonsa daga wannan bakin atamfar zuwa wancan, duk shida tare, da almakashi mai kaifi. Ku ɗora kwalin, ku zana, ku juya shi kai ƙasa, ku sake zanawa, sannan ku yanka bisa layukan. Tsiri ɗaya zai ba da tari wajen 20, kowane tari fure ɗaya ne. Ku soke kowanne da fil ɗinsa don kada su cakuɗe.

Ɗinki

Ku jera guda shidan, tsini iri ɗaya yana kallon tsakiya. Gefen da ya bi bakin tsiri ya fi kyau ya zama a waje, domin ba ya miƙewa. Sauran gefuna biyun an yanka su a karkace, kada ku ja su a bakin keke.

Ku bar kwatar inci a kowane ɗinki. Ku haɗa uku, ku haɗa sauran ukun, ku buɗe ɗinkin da dutsen guga. Kada ku haɗa rabi da rabi yanzu. Ku shimfiɗa furannin a kan tabarma kamar saƙar zuma, ku yi ta sauya musu wuri har launukan su zauna. Sai ku ɗinka rabi-rabin a layi, ku haɗa layi da layi. Ta haka duk ɗinkin miƙaƙƙe ne, kuma furannin za su haɗe da kansu.

Daga nan ku sa baki, ku shimfiɗa tsohon bargo marar kauri a tsakiya, shafi a ƙasa, ku bi da ɗinki daga tsakiya zuwa gefe.

Aikin gida

1. Atamfa tana da maimaici inci 18. Yadi nawa ake bukata?
2. Ku auna maimaicin zane ɗaya a gida, ku rubuta a littafinku.
3. Ku zo da kwalinku a yanke, da almakashi da fil, ranar darasi na gaba.