Yadda Za Ki Yi Jan Lalle Na Salatif A Gida

Yanzu 'yan mata sun raja'a kan baƙin lalle na dayis saboda saurin kamawa, amma ni har gobe jan lalle nake so. Ya fi daɗewa, kuma ba ya ƙona fata kamar yadda dayis ke yi wa wasu.

Da farko ki tankaɗe garin lallenki da rariya mai laushi, sau biyu ma in da hali. Gudaji ɗaya kan ɓata zane gaba ɗaya.

Sai ki kwaɓa da ruwan shayi mai ɗumi, ki matsa lemon tsami, ki zuba sukari cokali ɗaya da ɗigon mahalabiyya (wani mai ne mai ƙamshi da ake sa wa lalle). Kaurinsa ya zama kamar na kunu mai kauri, kada ya tsinke. Ki rufe ki ajiye ya tsumu na awa uku ko huɗu. A nan ne mata da yawa ke yin gaggawa, daga baya su ce lallen ne ba shi da kyau.

Ki wanke hannu da ƙafa, ki tsane su sosai, kada ki shafa mai. Ki manna salatif ɗin da aka yanka da siffar zanen da kike so, ki danne bakinsa da farce don kada lalle ya kurɗa ƙarƙashi.

Ki shafa lallen da kauri, ki ɗaure da leda, ki sa safa. In za ki iya kwana da shi, ya fi.

Da safe ki kankare, ki ɓare salatif a hankali, ki shafa man kaɗanya. Ki guji sabulu ranar. Sai washegari jan zai nuna sosai.